Da hannuna na sa hoton taubashina a na'urar gem ɗin mutanen daji

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah ya saka muku da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Ina roƙon kada a yanke mini hukunci tun daga layin farko, a daure a karanta har ƙarshe, wanda ya gama ya ga zagi ya dace da ni ya zaga, ba zan ce uffan ba. Ni dai shawara nake nema kafin ranar Laraba, domin ran mutum ke ciki, kuma bakina ne kaɗai zai iya fitar da shi.

Ni magidanci ne a Kaura Namoda, da mata ɗaya da yara biyu. Ina da ɗan shago inda nake gyaran waya da caji, daga ciki kuma na ajiye talabijin biyu da na'urar gem, wadda muke ce wa Fi'es, samari na zuwa buga ƙwallo. Bara waccan na koyi buɗe na'urar nan, wato a cire mata takunkumin kamfani a ɗora mata wata manhaja ta bayan fage daga filashi. In aka yi mata haka ba ta buƙatar faifai, kuma akwai lambobin maguɗi da mutum zai kunna: a ƙwallo ɗan wasanka ba ya gajiya, golanka ba a cinsa, a gem ɗin yaƙi kuma harsashinka ba ya ƙarewa, ko an harbe ka ba ka mutuwa. Samarinmu maganin ƙarfe suke ce masa. Duk Kaura ni kaɗai na iya, har daga Shinkafi ana kawo mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura da wannan. Ta shagona ce kawai ban taɓa sa wa maguɗi ba, don kada yara su ce ana cutar su.

Ina da taubashi, zan kira shi Lawwali, ɗan Gwaggona ne, yayar babana. Da mahaifiyata ta rasu Gwaggo ce ta ɗauke ni, ni da Lawwali tabarma ɗaya, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, har yau da muka tara iyali ba a yanke ta ba, ni in ce masa bawa, shi ma ya ce mini bawa. Kabu-kabu yake yi da mashin tsakanin Kaura da Zurmi da Shinkafi, hanyoyin da duk wanda ya san su ya san ba a shigarsu sai da addu'a. Abin haushin, mutumin da ko sunansa sai ya yi gumi yake rubutawa, shi ne ke lallasa ni a gem ɗin da ni na saya, a shagona, a gaban yarana na shago. Ya ba ni huɗu da nema, ya miƙe ya karkace hula ya ce, “Ku gaida sarkin fili, bawa ya ci ƙasa.” Ya wuce gidan Gwaggo ya ba ta labari da ƙari.

To, da cika-ciki ta ƙarato bara, lokacin da taubasai ke wasan juna, sai na ce bana sai na rama. Manhajar nan tana bari mutum ya canza hoton da ke fara bayyana in an kunna na'ura. Na ɗauko wani hotonsa na ranar sunan 'yarsa, wanda duk dangi ke da shi a waya, yana dariya wushiryarsa a waje, ga tabon nan na girarsa ta hagu. Na zauna na naɗa masa rawani a kwamfuta, na sa masa sandar sarauta a hannu, abin ya zauna cas kamar a jikinsa. Nufina ranar cika-ciki in tara samari, in kunna, ya ga kansa da rawani a yi dariya, sannan in kunna maguɗi in ba shi bakwai. In naɗa shi in tuɓe shi rana ɗaya. Na haɗa hoton da manhajar a filashi ɗaya na ajiye, ban gaya wa kowa ba, ko matata. Wasa ne wallahi, wasan taubashi. Wa zai ce mini wasa zai kai mu inda muke yau?

Saura kwana biyu cika-ciki, ranar kasuwa ce, bayan azahar, an yi ruwa da safe. Wani mutum ya shigo shagona da buhu duk taɓo. Ba alamar komai a jikinsa sai rigar sanyi a cikin zafi da warin hayaƙi. Ya zazzage buhun a kan teburina, sai ga Fi'es. Ya ce, “An ce kai ka iya sa ma abin ga maganin ƙarfe. Yara ka so, wanda ba a mutuwa.” Na juya bayanta in duba lamba, sai na ga an rubuta sunan wani shagon gem da fenti, na wani gari ta wajen Zurmi. Kowa a Kaura ya san mutanen daji sun shiga garin nan watan da ya wuce sun kwashe shaguna. Maƙwabcin shagona, Oga Sunday, mutumin Binuwai ne mai gyaran janareto, yana tsaye bakin ƙofa ya zo karɓar wayarsa. Ya kalli buhun, ya kalle ni, ya girgiza kai a hankali ya koma shagonsa ba tare da wayar ba.

Na ce wa baƙon filashina ya lalace. Ya yi murmushi ya ja benci ya zauna, ya ce, “Duba dai da kyau. Ina yara? Na ga babban ya fara zuwa makaranta.” Ban taɓa ganin mutumin nan ba a rayuwata. Na miƙa hannu cikin akwati na ɗauko filashin da hannuna ya fara taɓawa. Amma bari in faɗi gaskiya tunda ita na zo faɗa: ba wanda ya nuna mini bindiga, kasuwa cike take da jama'a, ofishin 'yan sintiri bai kai tafiyar minti uku ba. Kuma a ƙarƙashin tsoron, akwai wani wuri a zuciyata da ya ji daɗin cewa sunana ya kai har can. Wannan ita ce kunyar da ban iya faɗa wa kowa ba sai ku da ba ku san fuskata ba.

Da na gama na jona ta da talabijin in gwada. Tana kunnuwa sai ga Lawwali ya cika fuskar talabijin, da rawani, da sanda, yana dariya. Baƙon ya fashe da dariya har da dukan cinya, ya ce, “Wanga fa wane ne?” Jama'a, cire hoton nan bai fi aikin minti goma ba. Minti goma. Amma ni so nake mutumin nan ya bar shagona, kuma ba na so ya ɗauka ni ne mai wurin, sai na ji bakina ya ce, “Maigidanmu ne.” Ya ce, “A'a, to bar shi nan, maigida ya yi kyau.” Ya mayar da ita buhu, ya ajiye kuɗi bai ko tambayi nawa ba, ya fita. Kuɗin nan ban zubar ba, ban ba sadaka ba. Nama na saya na kai gida, na ce wa matata kasuwa ta yi kyau.

Cika-ciki ta zo ta wuce ban yi wasan ba. Lawwali ya zo ya ba ni uku da ɗaya, ya ce ko bawa ba ya da lafiya ne yau ba ya baki. Na jefa filashin a gwangwanin ƙusoshi na tura ƙarƙashin teburi. Na riƙa ce wa kaina na'ura ce, a daji ba wuta, ƙura za ta kashe ta cikin wata guda, wa zai gani? Wa ke shiga can ya fito yana tuna hoton talabijin? Da wannan na riƙa lallashin kaina har aka yi girbi aka gama, har na fara mantawa.

Ranar Alhamis da ta wuce wani dattijo daga wajen Galadi, zan kira shi Baba Ɗanjuma, ɗansa ya kawo shi Kaura ganin likita. An ɗauke shi ne a gonarsa, ya yi kusan wata biyu a hannun mutanen daji, sai da aka sayar da shanun noma da gona kafin aka sako shi. Sun sauka a tasha suna neman mashin, Lawwali ya taho da saurinsa kamar kullum ya kama jakar tsohon yana cewa, “Baba, ina muka nufa?” Waɗanda ke wurin sun ce tsohon ya ɗago ya dube shi, sai ya sulale ya zauna a ƙasa ya haɗa hannuwa biyu ya ce, “Maigida, ka yi man rai. Wallahi ba ni da sauran komi.” Lawwali ya ɗauka taɓin hankali ne, har yana ƙoƙarin ɗaga shi. Jama'a suka taru. Tsohon ya ce inda aka ɗaure shi, ƙarƙashin wata bishiya, yaran da ke gadinsu na da ƙaramar talabijin da sola, kullum da hantsi in sun kunna, fuskar mutumin nan ce ke fara fitowa da rawani, su kuma su ɗaga hannu suna cewa, “A gaida maigida na Kaura.” Ya ce kwana hamsin da wani abu yana kallon wushiryar nan da tabon nan, ko a kabari aka tashe shi zai gane su.

Ku da kuke nesa wataƙila ba za ku gane ba. A wajenmu kalmar infoma, wato mai kai wa mutanen daji rahoto, ba a faɗinta sau biyu a kan mutum. Balle ɗan kabu-kabu, wanda kullum yana kan hanyar daji yana dawowa lafiya, dawowar tasa lafiya ma sai ta zama hujja a kansa. Ba don shugaban 'yan mashin na tashar ya ja shi cikin rumfarsu ya tsaya a bakin ƙofa ba, da ba wannan wasiƙar nake rubutawa ba. Yanzu haka Lawwali na zauren mai unguwa, an ce don a tsare lafiyarsa, 'yan sintiri biyu na zaune a waje, an karɓe mashin ɗinsa da wayarsa. Mai unguwa ya roƙi arziki a jira zuwa Laraba, a dawo da tsohon a zauna a ji ta bakin kowa. In ba a samu bayani ba, za a tafi da Lawwali. Mun ga waɗanda aka tafi da su a kan zargin da bai kai rabin wannan ba, har yau iyalansu na sauraren ƙofa.

Abin da ya rufa mini asiri zuwa yanzu shi ne tsohon bai san gem ba. Talabijin kawai yake cewa, mutane kuma sun ɗauka bidiyo ne maigidan nasu ke aika musu. Oga Sunday ne kaɗai ya haɗa lissafin. Ranar Juma'a ya shigo shagona ya rufo ƙofa ya ce, “Buhun nan na ranar kasuwa ne, ko?” Na juya na hau tattara kayan aiki. Ya ce, “Ni baƙo ne a garin nan, in na buɗe baki da ni za a fara. Ba zan faɗa ba. Amma kai ɗan gari ne, kuma ɗan'uwanka ne.” Tun daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon janareto.

Shekaranjiya Gwaggo ta aiko aka kira ni. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta rame cikin kwana uku, matar Lawwali na gefe da goyo ta yi kuka har muryarta ta tafi. Gwaggo ta miƙo mini kwanon tuwo ta ce in kai wa Lawwali, tunda mata ba sa shiga zauren. Sannan ta ɗaga hannu ta ce, “Wanda dut ya ƙulla ma ɗana wanga sharri, Allah ka tona asirinai tun nan duniya, ka hana mai kwanciyar hankali.” Duk gidan aka ce amin. Ni ma na ce amin. Matar da ta wanke mini kashi, ta cire tuwo daga bakin ɗanta ta ba ni, ta yi mini baki a gabana ba ta sani ba, na shafa. Wace irin zuciya ce a ƙirjina?

Na same shi a zaune a kusurwar zaure, ba hula, leɓensa a fashe. Tunda muka taso ban taɓa jin Lawwali ya kira ni da sunana ba sai ranar. Ya ce, “Zauna nan kusa. Kai ka san kan na'ura. Don Allah gaya man, ƙaƙa hotona zai shiga talabijin ɗin mutanen ga? Ni da ko rawani ban taɓa naɗawa ba? Mi ni yi ma wani da zai yi man haka?” Na buɗe baki, wallahi na buɗe da niyyar faɗa, sai na ji motsin takalmin ɗan sintiri a bakin ƙofa. Na ce, “Ka san hoto yanzu yawo yake yi a waya, kowa na iya ɗauka.” Ya gyaɗa kai ya yarda, domin duk abin da na faɗa a kan waya yarda yake yi. Ya ce, “Shi ya sa na ce ma mai unguwa a kira ka ranar Laraba, ka yi masu bayani yadda za su gane. Na ce masu in dai kana numfashi ba a cutata.” Bai ci tuwon ba. Da na miƙe zan fita sai ya yi ƙarfin hali ya ƙaƙalo dariya ya ce, “Bawa, ka riƙa gwaji kafin in fito, huɗu da nema na nan na jiranka.” Na fito na zagaya bayan masallaci na yi amai.

Tun ranar ba na iya cin abinci. Duk mashin da ya tsaya a ƙofar shago sai gabana ya faɗi, ban san wanda nake tsoro ba, na gari ko na daji. Matata na tambayata, na ce mata zazzaɓi ne. Na ciro filashin daga gwangwanin ƙusoshi, hoton na nan, da asalinsa na ranar suna, da wanda na naɗa wa rawani, da ranar da na yi aikin. In aka jona shi a gaban mai unguwa, Baba Ɗanjuma zai ga hoton da ya gani a daji, kowa zai gane wasan taubashi ne, Lawwali zai koma gida. Amma tambaya ta gaba ita ce, ta yaya ya je can? Sai in ce da hannuna na yi musu aiki, na ga sunan shagon da aka fasa, na karɓi kuɗi, na yi shiru wata da watanni, kuma ni na ce musu maigidanmu ne. Wa zai yarda tsoro ne? Ni da kaina in wani ya ba ni labarin nan zan yarda? Wurin da Lawwali ke zaune ni zan zauna, kuma ni ba ni da wanda zai zo ya wanke ni. Ko gari ya yafe mini, mai rigar sanyin nan ya san makarantar ɗana.

Na yi tunanin in kwashe iyalina mu gudu Gusau, in aiko da filashin ta hannun direba. To, wa zai jona shi ya yi bayani, tunda ni kaɗai na iya? Kuma gudun nawa ba zai sa a ce mu biyun bakinmu ɗaya ba? Na yi tunanin in je ranar Laraba in tsaya a kan maganar hoto na yawo a waya, ko Allah zai sa su yarda. In ba su yarda ba fa? In tsaya ina kallo a ɗora shi a mota? Na yi tunanin in fara zuwa wajen limaminmu, ko wajen hukuma, ko in durƙusa gaban Gwaggo in faɗa mata ita ta fara sani, amma duk lokacin da na tuna fuskarta sai in fasa. Ina jin tsoro, jama'a. Ina tsoron mutuwa, ina tsoron abin da zai samu yarana, kuma ina tsoron in rayu in tsufa a garin nan ina gaida Gwaggo kullum.

Don Allah wanda ya san shari'a, ko malami, ko wanda ya san yadda ake bi da irin wannan a wajenmu ba tare da an zubar da jini ba, ya taimaka ya yi magana da wuri. Yau Litinin. Ɗazu mai unguwa ya aiko a tuna mini jibi ƙarfe goma na safe, kuma ya ce Lawwali ya roƙa in taho da talabijin ɗaya daga shago don bayanin ya fi fita. Filashin na cikin aljihun rigata ina rubuta muku wannan.

Me zan yi?